Gwamma da Kibiyar Amare

Ku gyara zama ku ji na matar Barau.

A ƙauyen Kwarin Ɗinya, can bayan marina, akwai wani gida da kowa ke kira Gidan Kibiya. Mutum uku ne a cikinsa. Akwai Inna Delu makitsiya, akwai ɗanta tilo Barau mai facin keke, sai matarsa Gwamma, wadda saboda ita na tara ku. Gwamma mace ce kakkaura mai fara'a, ga ƙarfi, turmi ma da hannu ɗaya take kawar da shi. Tunda Allah ya yi ta ba a taɓa jin ta yi wa wani musu ba, kuma nan ne matsalar take. Abin da ka faɗa mata shi za ta yi, ba ragi ba ƙari. In ka ce ta kula da kaza, to ranar babu tuwo a gidan, tana can tsugune gaban akurki. Mutanen gari suna ce mata dolo. Ni dai har yau ban sa hannu a wannan suna ba.

Sunan gidan kuwa daga wata kibiyar kitso ya samo asali, ta baƙin ƙarfe mai kan tagulla, irin wadda ake tsaga gashi da ita. A al'adar garin, duk amaryar da za a kai ɗakinta da wannan kibiya ake yi mata tsagar farko, kuma mai riƙe da kibiyar ita ke kitsa kan. Ba a ba 'ya gadonta, don 'ya tafiya take yi. Daga uwar miji take sauka hannun matar ɗa. Haka Inna Delu ta karɓe ta, ta riƙe shekara arba'in, har ciwon sanyi ya fara cin yatsunta. Da safe sai ta gasa su a bakin murhu kafin su yarda su lanƙwasu.

Da farkon damina Magajiya, shugabar matan garin, ta zo gidan da kanta. Bayan gaisuwa ta ce, "Delu, ba raini ya kawo ni ba. In kaka ta yi za a yi bikin Hansai 'yar Sarkin Noma. In hannunki bai iya ba, kuma babu mai iyawa a gidan nan, kibiya za ta koma wurin Sakina." Sakina kuwa ita ce ta koyo gyaran gashi a birni ta buɗe shago a bakin kasuwa.

Inna ta ce, "Na ji."

Da Magajiya ta fita, Gwamma ta ga tsohuwar ta ɗauko kibiyar tana ta goge ta da bakin zani, alhali babu ko ƙura a jikinta, hawaye na bin kuncinta. Abin ya soki Gwamma a zuci, don duk duniya ba ta son ganin kukan Inna.

Ta ce, "Inna, me zan yi ki daina?"

Inna ta dube ta sama da ƙasa, ta yi ajiyar zuciya. "Ki koyi kitso."

Gwamma ta ce, "To."

Wata rana da hantsi, Inna tana kitsa kan Lantana mai ƙosai. Ita Lantana ba ta san zama wuri ɗaya ba, ana tsaga tana waiwaye, ko ƙadangare ne ya wuce sai ta ga inda ya nufa. Ana cikin haka aka aiko cewa maƙwabciya na kan gwiwa, a zo da Inna maza. Inna ta miƙe ta ce, "Gwamma, ga darasinki na farko, riƙon kai. Riƙe kan nan da kyau, kada ki saki sai na dawo." Gwamma ta zauna a kujera, ta matse kan Lantana tsakanin gwiwoyinta, ta ɗora hannu biyu a kai. Haihuwa kuwa ta zo da gardama.

Rana ta fara zafi. Lantana ta ce, "Gwamma, sake ni in je in duba ƙulluna, zai yi tsami."

"Inna ba ta dawo ba."

"In ta dawo sai in dawo mana!"

"Ba haka ta ce ba."

Lantana ta yi lallashi, ta yi zagi, ta yi kokawa, ina! Kamar an sa kanta a bakin rijiya an rufe da dutse. Da abin ya kai ta matsu, Gwamma ba ta hana ta ba, tunda Inna ba ta ce a hana kowa zagayawa ba. Sai ta tashi da ita, kai a hammata, ta raka ta har ƙofar bayan gida, ta zura hannu ta saman zana tana riƙe da tukkun gashin. Sai da aka kira azahar Inna ta shigo ta tarar da su, Lantana ta yi laushi tiɓis, Gwamma na washe baki.

"Inna, ga shi nan yadda kika bar shi."

Inna ta riƙe haɓa. "Na shiga uku ni Delu! Ke, kan mutum ba kan akuya ba ne. Daga yau, in mai kai ta ce wayyo, ki sassauta hannu."

Gwamma ta ce, "To." Amma fa ku sani, tun daga ranar in Lantana ta zo kitso zaune take kyam kamar an dasa ta, Inna na gama kanta kafin ruwan tuwo ya tafasa.

Wata rana Inna ta ga ya kamata a gwada hannun Gwamma a kan kai na gaske, sai ta ba ta na Kande matar mahauci, ta ce ta yi mata zane guda takwas, ita kuma ta shiga ɗaki ta kwanta da ciwon yatsunta. Kande kuwa ta zo da labari a bakinta, an sace mata tunkiya daren jiya. Gwamma ta tsaga, ta kama silin farko tsaf. Kande ta ce, "Wayyo tunkiyata, ga ta da ciki!" Gwamma ta sassauta. Kande ta ce, "Wayyo Gwamma, da hannuna nake ba ta dusa!" Gwamma ta ƙara sassautawa. Haka aka yi ta yi, wayyo na ɓarawo, wayyo na igiyar da ya haɗa da ita, wayyo na mijin da ko tashi bai yi ba. Kafin a kai zane na takwas, Gwamma ɗora gashin kawai take yi a kan juna a hankali, kamar mai rufe jariri.

Kande ta miƙe tana shafa kai. Ƙurar tabarma ta shiga hancinta, ta yi atishawa ɗaya, kitson ya watse gaba ɗaya, kai ya koma yadda ya zo.

Inna ta fito ta ga kan, ta tafa hannu tana salati. Kande kuwa maimakon faɗa sai ta ce, "Inna, a bar yarinyar nan. Wallahi tunda nake kitso ban taɓa tashi ba ciwon kai ba sai yau."

Inna ta ja kunnen Gwamma gefe. "Wayyon ciwo nake nufi, ba wayyon tunkiya ba. Ki kama da ƙarfi inda gashi ke da ƙarfi. A goshi da inda ke ciwo ki sassauta, don gashin goshi in aka ja shi ya tafi, ba ya dawowa."

Gwamma ta ce, "To," ta adana wannan ma.

Wata rana ta kasuwa, Inna ta kama Gwamma tana taje busasshen gashi yana kakkaryewa. Ta yi mata tas. Ta nuna mata yadda ake wanke kai da karkashi ya yi santsi, a raba shi gida-gida, a bi kowane gida da mai tun daga fata. Sannan ta dangwarar da ƙwaryar man shanu a gabanta ta ce, "A gidan nan busasshen kai ba ya fita. Duk kan da ya shigo a bushe, a shafe shi." Ta ɗauki mayafi ta tafi kasuwa.

Ba a jima ba sai ga Kawu Tanko, ƙanen Inna, ya biyo ya huta. Ya sha fura, ya cire hula ya kwanta a inuwar durumi, barci ya kwashe shi. Gwamma ta zo wucewa ta tsaya cak. Ga kai ya shigo gidan, ga shi a bushe, sanƙo tun daga goshi har ƙeya, ya yi fari fat da amosari. Ta tsuguna ta yi bisimilla. Da yake babu gashin da za a raba gida-gida, sai ta bi filin gaba ɗaya, ta sake bi, har ƙwarya ta yi rabi. Tana gamawa ɗan akuyan maƙwabta ya leƙo, shi ma ta kama shi ta yi masa nasa.

Abin da ya tashi Kawu shi ne wani abu mai kaushi da ke gogar kansa. Ya buɗe ido ya ga kyanwa ta dafa kunnensa da ƙafa tana lasa da gaske. Ya zabura yana salati, ya kifa hula, hula ta zame ta faɗi. Ya sake kifawa, ta sake zamewa. Haka ya ratsa gari da hula a hannu, kai na ɗaukar ido a rana, ƙudaje na yi masa rakiya. Ya rantse ya maya ba shi ba gidan yayarsa.

Kwana bakwai sai ga shi a zaure, yana magana ƙasa-ƙasa. "Gwamma, ƙaiƙayin nan da ya hana ni sakat shekara biyu ya daina. Akwai sauran man?"

Wata rana Uwani matar direba ta shigo da sauri, waya a hannu. Za ta suna a garin surukanta da yamma, kuma ta ga wani kitso a hoto da ya tafi da hankalinta. Inna na fama da yatsu, dole Gwamma. Uwani ta kafa mata wayar a fuska ta ce, "Irin wannan nake so sak. Kada ki ƙara, kada ki rage." Gwamma ta ƙura wa hoton ido. Wata mata ce ta juya gefe, an yi mata zanen yawo ƙanana suna lanƙwasa ta bayan kunne. Gwamma ta jingina wayar da turmi ta fara aiki. Ta daɗe tana yi, tana duban hoto tana duban kai, ko sili ɗaya ba ta kuskure ba. Can ta kakkaɓe hannu ta ce an gama.

Uwani ta ɗaga madubi ta ga gefen hagu, ta yi murmushi har kunne. Ta juya dama, sai ta ƙwala ihu. Gefen dama na nan tsaye buzu-buzu, ko taɓa shi ba a yi ba.

"Gwamma! Ina sauran?"

"Sauran bai fito a hoton ba."

A waje mijin na ta danna odar mota. Babu lokaci. Uwani ta fizgi ɗankwali ta ɗaura shi a karkace, ya rufe dama ya bar hagu a buɗe, ta fita tana Allah ya isa. To a wurin sunan nan mata suka yi mata caa, wace ce ta yi miki kitso, a ina kika koyo wannan ɗauri? Kafin wata ya mutu, duk macen da ka gani a Kwarin Ɗinya ɗankwalinta a karkace yake.

Ita Inna, kafin Uwani ta fita ta bi rabin kitson nan da yatsa. Gwamma ta zuba ido tana jiran a ce madalla. Amma abin da Inna ta ce shi ne, "Hannunki ba sauri. Kafin ki gama rabin kai wata ta gama biyu. Hannu sai da yi. Duk abin da kika gani zai kitsu, ki kitsa."

Tabɗijam! Da Inna ta san abin da ta ɓallo da ta haɗiye maganar. Tsintsiyar gidan ce ta fara shan kitso, sai igiyar guga, sai gemun masarar bayan gida kaf. Jakin maƙwabci ya dawo daga kiwo da wutsiya kalaba shida. Kawu Tanko ya sake yin kuskuren gyangyaɗi a inuwar durumi, ya farka ya tarar da gemunsa gida uku, an ɗaure bakin da zare. Yatsun Gwamma suka zama ko tana tafiya motsi suke yi.

Wata rana da safe ta shiga ɗakin girki, ruwan daren jiya ya kashe mata murhu. Jinkar ɗakin ta huje a can ƙololuwa, Barau ya yi wata biyu yana cewa gobe zai gyara. Gwamma ta ɗaga kai ta ga ciyawa na reto. Ta ce a ranta, wannan ai zai kitsu. Ta jingina turmi ta haye. Ta kama ciyawar tun daga ƙasa, ta kitsa ta layi-layi daga kowane gefe tana hawa da ita sama, ta tattara bakunan a ƙololuwa, ta naɗe su kamar gammo a bisa hujin. Jama'a suka taru a waje suna riƙe ciki. "Ku zo ku ga matar Barau tana yi wa ɗaki kitson salla!" Barau ya bar facinsa ya zo yana roƙon ta sauko, ta ce saura layi biyu.

Da la'asar hadarin ƙarshen damina ya taso da iska, ya kwashe jinkar rumbu uku a unguwar. Ɗakin girkin Gwamma ko ɗigo bai yi ba. Sai dai wannan bai hana labari zagaya gari ba, cewa magajiyar Gidan Kibiya jakuna da ɗakuna take yi wa kitso. Inna ta daina fita ko bakin rijiya don kunya.

Kaka ta yi, aka cika rumbuna, ranar kitson Hansai ta zo. Inna ta tashi yatsunta sun kumbura sun yi suntum. Ta gasa su a murhu, ta ɗauki kibiya, kibiya ta faɗi. Ta sake ɗauka, kibiya ta sake faɗuwa. A na uku ba ta sunkuya ba. Ta sa Gwamma ta ɗauko ta naɗe a farin ƙyalle.

Inna ta ce, "Ba zan je in tsaya a yi mini kallon tausayi ba. Kai ta gidan Sarkin Noma. Ki danƙa ta a hannun wadda ta kitsa kan amarya, ita kaɗai. Kada ki dawo gidan nan sai kin danƙa." Sakina take nufi, amma bakinta ya kasa furta sunan.

Gwamma ta ce, "To," sai dai wannan to ɗin da ƙyar ya fito. Ta tafi tana share ido da gefen mayafi.

Ta isa gidan biki ta tarar ba kiɗa ba guɗa, mata sun yi cirko-cirko. Ashe jiya ƙawayen amarya sun shafa mata man nan na miƙar da gashi don kitson birni ya kwanta, hira ta yi daɗi suka manta da shi a kanta. Da aka wanke, gashin tsakiyar kai ya biyo ruwa. Wuri ya fito kamar faɗin tafin hannu, ja wur, ba a iya taɓawa. Sakina ta duba ta faɗi gaskiya, ta ce ita ba za ta ɗora ƙarin gashi a kan ciwo ba, sai dai a aske a sa hular gashi. Uwar amarya ta ce sam. Gobe dangin ango za su yi buɗar kai a gaban mata, kuma ba a taɓa kai 'yar Kwarin Ɗinya da gashin kanti ba. Hansai na zaune a tsakar ɗaki ta ci kuka har muryarta ta dishe.

Gwamma ta yi sallama ta ce, "Wa ta kitsa kan amarya?"

Wata ta ce, "Ke Gwamma, yau ba ranar shirme ba ce."

Sakina ta ga farin ƙyalle ta gane. Ta miƙo hannu. "Kawo, ni aka ce ki ba."

"Kin kitsa?"

"Kan ba ya kitsuwa."

"To ba ke ba ce."

Magajiya ta matso ta ce, "Ba ni in ajiye, 'yar nan."

"Iya, ke ma ba ki kitsa ba."

Gwamma ta samu bakin ƙofa ta zauna, ta rungume ƙyallen, tana jiran wadda za ta kitsa. Hantsi ya wuce. Rana ta take. Aka yi azahar. Mata na ta shawara, wannan ta ce a ɗaga biki, wannan ta ce a yi wa dangin ango ƙarya, ba wadda ta taɓa kan. Gwamma kuwa hankalinta na gida. Barau na kasuwa, Inna ita kaɗai, yatsun nan ko ashana ba za su ƙyasta ba, tun safe ba ta sa komai a ciki ba. Ta lissafa abin a ranta. Ba komawa sai an danƙa. Ba danƙawa sai an kitsa. Ga shi babu mai niyyar kitsawa. In aka biye wa matan nan Inna da yunwa za ta kwana.

Ta miƙe ta kutsa cikin ɗakin. "Ku matsa."

Kafin a ankara ta ja kujera, kan amarya na tsakanin gwiwoyinta. Ɗaki ya kaure. "Ku riƙe ta! Mai kitson jakuna ce!" Wa zai iya ɓamɓare Gwamma daga kan da ta riƙe? Lantana mai ƙosai na wurin, ta ce kada ma su wahalar da kansu. Hansai ta ɗaga murya a dishe ta ce, "Ku bar ta. Me ya rage a kan da zai ɓaci?"

Gwamma ta duba kai ta ga a bushe yake, ta ce a kawo man shanu. Ta raba gida-gida ta shafe. Ta kwance ƙyalle, ta yi bisimilla, ta ja tsagar farko da kibiyar amare, layi ya fito sambal. Ta fara kamawa. Da hannunta ya kusanci ciwon Hansai ta ce, "Wayyo!" Gwamma ta tsaya ta tambaya, "Na ciwo ne ko na tunkiya?"

"Na ciwo."

Ta sassauta, ta kauce wa wurin. Sannan ta leƙa tsakiyar kan da kyau, fuskarta ta washe. "Af! Ashe yoyo ne irin na ɗakin girki."

Daga nan ta duƙufa aiki. Ta kamo daga goshi a sassauce, ta kamo daga ƙeya da ƙarfi, ta kamo daga bayan kunnuwa, layi-layi ƙanana suna hawa sama, yatsu na gudu har ido ba ya bin su. Kowane layi in ya zo bakin ciwon sai ya tsaya a nan, jelarsa ta ci gaba a iska. Ta tattara jelolin ta naɗe su gammo a bisa wurin, a ɗage, yadda ko sili ɗaya bai taɓa fatar ba kuma iska na shiga. Da yake yau babu hoto, ta yi gefe biyun duka.

Ta kakkaɓe hannu. Mata suka matso suna leƙe. Aka miƙa wa Hansai madubi, ta duba gaba, ta duba gefe, ta sa hannu ta taɓa gammon, sai ta fashe da dariya hawaye na zuba. Babu alamar ciwo, sai wani tsari da ba a taɓa gani a kan amarya ba, ya ɗaga wuyanta ya fito da fuskarta. Uwar amarya ce ta fara rangaɗa guɗa, sauran suka amsa, ayyururui har bakin kasuwa. Sakina ta zagaya kan sau uku ta ce, "Yaya Gwamma, don Allah za ki koya mini?" A nan take Kande matar mahauci ta raɗa wa kitson suna Jinkar Gwamma, kuma sunansa ke nan har gobe.

Ita gwanar ba ta tsaya jin yabo ba, tuwo ke ranta. Ta goge kibiya, ta naɗe a ƙyalle, ta tsaya tsakiyar ɗaki ta ce, "Wa ta kitsa kan amarya?"

Mata suka haɗa baki, "Ke!"

Gwamma ta ɗaga ƙyallen da hannun dama ta danƙa a hannun hagu. "Karɓi, in ji Inna." Ta amsa wa kanta, "Na karɓa." Ta sa kai ta fice.

Ta tarar da Inna zaune inda ta bar ta, ido ya kumbura.

"Kin danƙa?"

"Na danƙa."

"Da hannu biyu ta karɓa?"

"Da ɗaya. Ɗayan ne ya miƙa."

Sai Inna ta hango farin ƙyalle a hannunta. Ta dafe ƙirji. "Gwamma, kin kashe ni! Yanzu za a ce Delu ta hana kibiya don baƙin ciki!" Gwamma kuwa tana ta hura wuta. Inna na cikin faɗa guɗa ta doso gidan. Magajiya ce a gaba, mata a baya, an lulluɓo amarya a tsakiya. Magajiya ta yaye mayafin ta ce, "Delu, duba aikin gidanki."

Inna ta tashi da ƙyar. Ta bi layukan nan da kumburarrun yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ta taɓa goshi ta ji sassauci, ta taɓa ƙeya ta ji ƙarfi, ta leƙa ƙarƙashin gammon ta ga abin da aka rufe. Ta juya ta dubi Gwamma da ke tsugune gaban murhu, hayaƙi na sa ta hawaye.

Ta ce, "Madalla."

Gwamma ta ji kamar an ba ta duniya.

Sai tsohuwar ta yi abin da ba wanda ya zata. Ta zame kallabinta a gaban mata. Farin gashinta a cukurkuɗe yake, wata da watanni ba kitso, don tunda uwar mijinta ta rasu ba ta yarda hannun kowa ya hau kanta ba, nata kuma ya gaza. Ta jawo kujerar kitso ta tura wa Gwamma, ita ta zauna a ƙasa.

Gwamma ta zo ta tsaya a bayanta da kibiya. "Wane iri za a yi, Inna?"

"Yadda kika ga dama."

Gwamma ta yi sororo. Tunda aka haife ta ba wanda ya taɓa ce mata haka. Ta daɗe tana kallon farin kan nan, mata suna jira. Can ta soke kibiyar a ɗankwalinta ta ce, "Inna, abin da na ga dama shi ne ki fara cin tuwo."

Inna Delu ta ce, "To."